Tauraro Ɗaya, Saboda Fanka Ba Ta Aiki

Katin katalog na da, irin wanda ake jerawa cikin 'yan durowoyin katako a bakin ƙofar laburare, ba shi da ra'ayi ko na anini. Sunan marubuci, sunan littafi, garin da aka buga shi, shekara, yawan shafuka, tsawonsa a santimita, sai lambar da za ta kai ka kantar da yake. Ko littafin ya girgiza duniya, ko kuwa marubucin kansa bai iya daure sake karanta shi ba, kati bai sani ba, kuma ba ya neman sani. Tun da Melvil Dewey ya fito da tsarin lambobinsa a 1876 ma'aikatan laburare suka riƙi wannan kame baki har ya zame musu jiki. Ka tambayi ɗayansu ko littafi kaza yana da daɗi, sai ya gyara zaman tabarau ya ce maka yana hawa na biyu, kanta ta huɗu daga hagu.

Da kwamfuta ta zo ta kwashe katunan, halin bai sauya ba, abin da ke jikin kati shi aka mayar kan allo. Wanda ya ɓata lamarin shi ne Amazon, da ya saba wa masu saye tun tsakiyar shekarun 1990 su faɗi yadda suka ji littafi, su kuma ba shi taurari daga ɗaya zuwa biyar. LibraryThing ya biyo baya a 2005, Goodreads a 2007, jama'a suka yi ca a kansu. Laburare yana gefe yana cizon yatsa: shi ke da littattafan, shi ke da masu karatun, amma hirar a gidan wasu ake yin ta. Sai laburaren Ann Arbor da ke jihar Mishigan a Amurka ya buɗe wa masu katinsa ƙofar rubuta sharhi a cikin katalog a 2007, na Oakville a Kanada ya bi sahu da manhajar BiblioCommons a 2008. Ita kuwa Koha, manhajar kyauta da aka fara rubutawa a Niyuzilan a 1999, wadda jami'o'in Najeriya da dama ke tafiyar da laburarensu da ita, tana ɗauke da akwatin sharhin da taurarinsa a cikinta. Abin da ya rage kawai shugaban laburare ya ce a kunna.

Masu cewa a kunna suna da hujja mai kyau: wanda ya karanta ya haska wa wanda bai karanta ba. A ransu suna hango wani natsattsen mai karatu, wanda zai gama littafi, ya kwana biyu yana juya shi a zuciya, sannan ya rubuta layi biyar masu amfani. Akwai shi, ban ce babu ba. Sai dai kafin ya gama alwala, wasu sun cika sahun gaba.

Kuma ba baƙi ba ne, domin tun kafin a ba su akwati suna rubutu, a jikin littafin kansa. Malaman da suka bar mana littattafan hannu sun cika gefen shafuka da hashiya, wannan ilimi ne. Masu hayar littattafan soyayya a shagunan Kano da Kaduna sun ci gaba da al'adar da biro, suna tsine wa uwar miji a shafi na 40, suna yi wa amarya jaje a na 60. A Landan kuwa, Joe Orton, wanda daga baya ya shahara a rubutun wasan kwaikwayo, shi da abokinsa Kenneth Halliwell sun riƙa sato littattafan laburaren unguwar Islington, su sauya hotunan bango, su buga bayanin ƙarya na shaƙiyanci a ciki, su mayar kan kanta, su laɓe suna kallon fuskar wanda zai ɗauka. Wata shida-shida aka ɗaure su a 1962. Yau bangayen nan suna ajiye a ma'adanar tarihin unguwar, ana alfahari da su. Akwatin sharhi bai ƙirƙiro kowa ba, halatta musu abin da ake cin tara a kai kawai ya yi.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Maroƙi. Shi bai san akwai tauraro ƙasa da biyar ba. Da sallama yake buɗewa, ya gaida marubuci, ya gaida iyayensa da garinsu, ya gaida maɗaba'a, ya gaida shugaban laburare da yaron da ya nuna masa inda ake dannawa. "Gaishe ka fasihi, gaba salamun baya salamun, Allah ya ƙara basira, ya ja zamaninka." Kalmomin da ya zuba a ƙarƙashin labarin soyayya su zai zuba a ƙarƙashin littafin sinadaran takin zamani, ko waƙafi ba zai sauya ba. In ka matsa masa zai ce ai taƙarizi yake yi, kuma taƙarizi gadon malamai ne. Gaskiya ne malamai sun saba rubuta wa juna yabo a goshin littafi, sai dai malamin yakan karanta tukuna, kuma da mutuncinsa yake yin jingina. Sarauniyar maroƙan duniya dai Ba'amurkiya ce, Harriet Klausner, wadda ta taɓa aikin laburare, ta kuma rubuta sharhi sama da 31,000 a Amazon kafin rasuwarta a 2015, kusan duka da taurari huɗu ko biyar. Ta ce ita mai saurin karatu ce. Allah ya ba mu rabin saurin, ya bar mu da ɗan abin da muke da shi na tsantseni.

Daura da shi akwai Malam An Ce. Bai karanta ba, bai ara ba, bai taɓa bangon da hannunsa ba, amma ya ji a majalisa cewa akwai magana a ciki. Wace magana? Wanda ya faɗa masa ma ji ya yi. Wannan bai hana shi yanke hukunci ba: tauraro ɗaya, kuma da akwai sifiri da shi zai bayar. Shi ba ya tafiya shi kaɗai, da zuga yake zuwa, kuma ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta sanar da sabon labarinta da aka gina a Saiberiya ta ƙasar Rasha, ana tsakiyar yaƙin Yukiren. Kafin kowa ya ga shafi ɗaya, ɗaruruwan mutane sun yi masa ruwan tauraro ɗaya a Goodreads, har ta janye shi daga jerin fitowa. Ko me mutum zai ce game da ɓacin ran waɗanda ake yaƙi a ƙasarsu, an yi wa littafi jarrabawa an kayar da shi alhali bai shiga aji ba.

Sai Mai Ƙorafi, wanda ni dai ba na iya fushi da shi. Ya karanta littafin, ko ya yi niyya, amma abin da ya dame shi ba ya cikin littafin. "Tauraro ɗaya. Fankar hawa na biyu ba ta aiki tun kafin azumi." "Tauraro ɗaya. Na makara kwana uku aka ci ni tara, alhali kowa ya san an yi ruwa." "Tauraro biyu. Da uku zan bayar, amma matar da ke bakin ƙofa ta hana ni shiga da jaka, kuma ba ta amsa sallama." Marubucin, wanda wataƙila ya rasu shekara 50 da suka wuce a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, shi ke biyan bashin fanka. Mai Ƙorafi ya gano abin da hukumar laburare ba ta lura da shi ba ranar da ta kunna akwatin: wancan akwatin shawara na katako da ke rataye a bango an yi shekaru ba a ga makullinsa ba, wannan kuwa dole wani ya karanta abin da aka jefa a ciki. Kuma a cikin tarin ƙorafinsa ake tsintar sharhi mafi amfani a katalog ɗin baki ɗaya: "An yage shafi na 113 zuwa 128." Babu farfesan adabin da zai faɗa maka abin da ya fi wannan in saura kwana biyu jarrabawa.

Wanda ya yage shafukan ma yana da kati, kuma yana sharhi. Ɗaliban jarrabawa kashi-kashi ne. Akwai mai tausayi, wanda yake barin wasiyya ga 'yan baya: "Kada ku wahalar da kanku, babi na 3 da na 7 kawai Malam yake fitarwa." Akwai mai roƙo: "Don Allah don Annabi wanda ya ari littafin nan tun farkon zango ya dawo da shi, mu 200 ne a aji, kwafi biyu ne kacal." Sannan akwai gwanin, wanda zai rubuta cikin murya irin ta mai nasiha cewa littafin tsohon bugu ne, ba shi da amfani, kada kowa ya ɓata lokacinsa. Shi kuwa tun makon jiya ya ɗauke shi daga sashen shari'a ya cusa shi bayan littattafan likitancin dabbobi, inda shi kaɗai ya san hanya. Katalog yana cewa littafi yana nan, sharhi yana cewa ba shi da amfani, kanta tana cewa babu shi, duka ukun kuwa aikin mutum ɗaya ne.

Mai Tona Ƙarshe ba muguwa ba ce, ɗoki ne ya yi mata yawa. Labaran Hausa sukan zo kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, marubuciya ta tsaya daidai inda numfashi ya tsaya don a nemi na gaba. Ita baiwar Allah ta gama duka a dare ɗaya, sai ta zo ƙarƙashin littafi na ɗaya ta sauke nauyin da ke ƙirjinta: "Ban ji daɗin yadda Hajiya ta mutu a na uku ba, kuma ashe direban nan shi ne uban Zainab." Wasu manhajojin suna da maɓallin da ke rufe irin wannan magana sai wanda ya so ya buɗe. Ba za ta danna shi ba, domin a ganinta abin da za a rufe ɗin shi ne labarin. Tana da ɗan uzuri: mu mutane ne da muka san Gizo zai yi wayo tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku, kuma bai taɓa hana mu zama ba. Amma wanda ya ari labarin binciken kisa, ya ga sunan mai kisan tun a katalog, ba zai karɓi wannan uzurin ba.

Malam Gyara ba ya karanta littafi, duba shi yake yi. Ya ƙirga wurare 47 da aka bar ƙugiyar harafi, ya jero su da lambar shafi da lambar layi. Ya ga inda aka haɗa kalmomin da ya kamata a raba, ransa ya ɓaci har ya kasa cin abincin rana. In ka tambaye shi me labarin ya ƙunsa, sai ya ce bai kai ga nan ba tukuna. Da ya gama da marubuci sai ya juyo kan katalog ɗin kansa: an sa wa Ruwan Bagaja shekarar gasar da Rupert East ya shirya, wato 1933, alhali bugawa daga baya aka yi, an rubuta sunan marubuci iri biyu a wuri biyu, har kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne. Abin haushi da Malam Gyara shi ne yawanci yana da gaskiya. Shi ne zai tambayi dalilin da ya sa tsarin Dewey ya shimfiɗa wa Kiristanci lambobi tun daga 220 har zuwa 280 da 'yan kai, ya tattara Musulunci gaba ɗayansa, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, ya cusa a 297. Tambaya ce da ma'aikatan laburare a ƙasashen Musulmi suka daɗe suna fama da ita. Sai dai ya yi ta ne a ƙarƙashin littafin koyon girki.

Yanzu mu zo ga babban baƙo, wanda yake shigowa da rawani ya rufe fuska: marubucin kansa. Tsohuwar sana'a ce. Mawaƙin Amurka Walt Whitman ya rubuta wa littafin waƙoƙinsa na 1855 sharhin yabo a jaridu ba tare da sa suna ba. A 2004 wata tangarɗa a shafin Amazon na Kanada ta fallasa sunayen masu sharhin ɓoye na 'yan kwanaki, sai ga marubuta tsamo-tsamo suna yabon kansu. A 2010 masanin tarihin Rasha Orlando Figes, farfesa a Landan, ya yabi littafinsa ya kushe na abokan sana'arsa da sunan aro. Da aka rutsa shi, sai aka ce matarsa ce ta rubuta. Bayan kwanaki ya amsa cewa shi ne, ya biya diyya. A ƙarshen 2023 wata sabuwar marubuciya, Cait Corrain, ta buɗe asusun ƙarya a Goodreads tana jefa wa sababbin marubuta irinta tauraro ɗaya, aka gano ta, kamfanin da zai buga nata littafin ya fasa.

Laburare yana tinƙaho da cewa shi wannan ba zai same shi ba, tunda sai mai kati ke rubutu, kuma mutum ɗaya kati ɗaya. Wanda ya faɗi haka bai ƙirga iyalin marubucinmu ba. Yana da mata biyu, da 'ya'ya tara, da ƙannen mata, da yaron shago. In kuwa malamin jami'a ne, yana da aji guda na masu neman maki. Ranar Litinin littafinsa ba shi da sharhi ko ɗaya, ranar Laraba yana da 34, duk taurari biyar, duk sun ce littafin "ya cike wani wagegen giɓi", duk sun yi kuskuren rubutu iri ɗaya a wuri ɗaya. A ranar Larabar nan dai, littafin abokin aikinsa da suke neman kujerar shugaban sashe tare ya sami sharhi 34 shi ma, waɗanda suka lura cikin takaici cewa marubucin bai yi zurfin bincike ba. Ana gane sharhin da maigidan ya rubuta da hannunsa: shi kaɗai ne ya san an yi bugu na biyu, ya san farashinsa, ya kuma san shagon da ake samunsa.

Mai Tsaron Tarbiyya ya fi kowa karatu da natsuwa. Ba ya tsallake layi, wani wurin ma sau biyu yake bi don ya tabbatar. Sannan ya rubuta: "Ina jan hankalin hukuma ga shafi na 52, da 87, da 88 musamman sakin layi na biyu, da 140 zuwa 143. Bai dace a bar wannan a hannun matasa ba." Littafin da ya shekara shida yana shan ƙura, cikin mako guda sai an yi layi a kansa, kuma in ka ɗora shi a tafin hannu da kansa yake buɗewa a shafi na 88. Babu ɗan kasuwar da ya taɓa yi wa marubuciyar talla irin wannan. Ban raina damuwarsa ba. Uba yana da haƙƙin sanin abin da ke kantar yara, kuma ko a Amurka ƙungiyar laburarorin ƙasar tana tattara irin waɗannan koke-koke na a cire littafi tun 1990. Mu da muka ga an yi taron ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, mun san inda maganar take iya kaiwa. In dai zaɓi ne tsakanin ashana da akwatin sharhi, a ba shi akwatin, a ƙara masa fili.

Akwai 'yan ƙanana da ba sai an tsaya a kansu ba. Mai tallan turaren wuta da ta bar lambar waya a ƙarƙashin littafin tarihin Daular Usmaniyya. Mai cigiyar kalkuleta. Saurayin da ya ga wata tana karanta littafin jiya da la'asar, sanye da mayafi ruwan toka, yana roƙon ta yi masa magana. Mai kalma biyu, wanda ya karanta shafi 900 ya ce "Ba laifi." Da sabon shigowa, wanda yake sa na'ura ta rubuta masa: sakin layi uku sumul, babu kuskure, babu gumi, yana yabon wani babi da babu shi a littafin. Kada a yi masa dariya da yawa, domin a 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta shawarci mutane su karanta, 10 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba.

Wadda nake nema a duk katalog ɗin da na buɗe ita ce Hajiya Mai Tuna Baya. Ta shigo ne ta yi sharhin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a shekarun 1930. Layin farko ya ambaci aku da Waziri. Daga nan sai firamaren garinsu, da malamin da yake karanta musu yana sauya murya, da yadda kwafi ɗaya yake zagaya gida biyar, da fitilar ƙwai da ake kashewa a ce kananzir ya yi tsada, da ƙawarta da aka cire daga aji biyar aka yi mata aure ba ta ji ƙarshen littafi na biyu ba. Kalma 600, ta rufe da addu'a ga mamata, ta manta ba ta ba da tauraro ba. A ƙa'ida sharhin ya kauce, domin an ce a tsaya kan littafi. Ni da ni ne mai tacewa, da gudu zan sake shi. Duk sauran bayanan katalog suna faɗin abin da littafi yake ne a kan kanta; ita kaɗai ta faɗi abin da ya je ya yi bayan ya fita daga ginin.

Duk wannan hayaniya kuwa ta mutane ƙalilan ce. A 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya taƙaita abin da aka daɗe ana gani: cikin mutum 100, kusan 90 kallo kawai suke yi, 9 sukan tofa jefi-jefi, mutum ɗaya ne yake yawancin rubutun. Laburaren da ke da masu kati 'yan dubbai da littattafai dubu ɗaruruwa, in ka yi lissafi, za ka ga yawancin akwatunan wayam za su zauna har abada. Shi ya sa BiblioCommons da LibraryThing suke tara sharhin laburarori da yawa wuri guda su raba wa kowa, don kada shago ya zama fanko. Mai Shiru shi ne mafi yawa, kuma ba rashin ra'ayi ke damunsa ba. Yana da ra'ayi mai kaifi, zai zazzage shi yau da daddare a teburin mai shayi, har da kwaikwayon muryar marubucin. Amma ya rubuta, da sunansa, a inda ba ya gogewa? Marubucin nan surukin yayansa ne, kuma za su haɗu a ɗaurin aure ranar Asabar. Kara ba ta bar mu mu kushe mutum a rubuce ba, shi ya sa akwatinmu yake cika da Maroƙi, wanda ba ya jin tsoron haɗuwa da kowa, da Malam An Ce, wanda ba ya jin kunyar kowa.

A tsakiyarsu duka akwai Malamar da aka ɗora wa tacewa. A Koha sharhi ba ya fitowa sai ma'aikaci ya amince, don haka kowace safiya tana tarar da layi yana jiran ta, da Hausa, da Turanci, da Ingausa, wani da Larabci. Ta yi karatun tsara littattafai ne, ba ta yi na alƙalanci ba, ga shi an ba ta kotu. In ta goge, a ce tana danne ra'ayin jama'a. In ta saki wanda ya ce littafin shugaban tsangaya kwafe ne, takardar tuhuma tana kan teburinta kafin azahar. Mai Ƙorafi ya zo da kansa: "Malama, na rubuta tun shekaranjiya ban gani ba." Ta ce, "Malam, ai maganar fanka ka yi." Ya ce, "To, an gyara?" Kuma idan ka ga wani sharhi mai tsabta a ƙarƙashin littafin da ba wanda ya ara tun 1998, layi biyar, ya faɗi wanda littafin zai amfana da wanda zai gundura, an sa hannu da wani suna kamar "Mai Son Karatu", kada ka yi nisa wajen neman mai shi. Tana zaune bayan kanta tana buga hatimi, fuskarta ba ta nuna komai.

Saura mutum ɗaya, wanda saboda shi nake roƙon duk laburaren da zai kunna akwatin ya yi tunani kan yadda suna zai fito. Tsohuwar ƙa'idar aikin ce cewa abin da mutum ya ara sirrinsa ne. A kusan duk jihohin Amurka doka ce ma, kuma laburarori da yawa sukan goge tarihin aro da zarar an mayar da littafi. Koha tana barin hukuma ta zaɓa: cikakken suna, ko sunan farko, ko laƙabi, ko babu suna sam. Inda aka zaɓi cikakken suna, nan Alhaji yake tona wa kansa asirin da laburare ya rufa masa. Mutumin kirki ne, mai riƙon amana, yana ganin tunda ya ara kyauta, wajibi ne ya faɗi gaskiya. A Janairu ya yi sharhin littafin kiwon kaji, taurari huɗu. A Fabrairu na maganin basir: "Na gwada, yana aiki." A Maris na yadda ake fita daga bashi, taurari biyu, "marubucin bai san Kasuwar Kwari ba." A Afrilu kuwa wani ɗan littafi kan hukunce-hukuncen ƙarin aure da adalci tsakanin mata, taurari biyar cif, da sharhi mafi gajarta da ya taɓa yi: "Ya zo a kan gaɓa."

Bai san katalog yana da shafin da ke jero sababbin sharhi ga duk wanda ya leƙa ba. Bai kuma tuna cewa uwargida ma tana da kati ba, tana cikin mutum 90 ɗin nan da ba sa rubuta komai amma ba abin da ke wuce su. Da ya dawo daga sallar isha'i ta ajiye masa tuwo, ta zuba masa ruwa, ta jira sai da ya kai loma ta biyu, sannan ta ce, "Alhaji, wace gaɓar ce?"